Tayar Hanyar Yoko

Duk wanda ya zauna a Briqueterie ta Yawunde zamanin Shugaba Ahidjo, unguwar da 'ya'yanta ke kira Birik don rage wa baki wahala, ya san Landirobar Ƙasimu. Koriya ce ranar da ta fito daga kamfani, amma jar ƙasar Yawunde ta daɗe da rine ta, har mai ita ya daina musu in an ce ja ce. Kafin a gan ta ake jin ta. Tana hawo tudun masallaci tana tari, teloli su ɗaga ƙafa daga keke, masu tsire su dakata da fifita wuta, wani ya ce, "Ƙasimu ya dawo." Gishiri da sabulu da atamfa take kaiwa Ntui da Yoko, ta dawo da zuma da man shanu da gaisuwar mutane. A lokacin jirgin ƙasa ya fara isa Ngaundere, manyan fatake duk sun koma masa, amma jirgi bai san hanyar Yoko ba, ba shi kuma da niyyar saninta. Hanyar nan sai mota mai ja da ƙafa huɗu, sai direba mai taurin kai.

Tafiyar da ke gabansa a ƙarshen Agustan shekarar ba ta kaya ba ce. Mahaifiyarsa, Inna Hansai, zai kai. A Yoko aka haife ta, aure ya kawo ta Birik tun unguwar tana 'yan bukkoki a gefen ramukan da ake haƙar ƙasar bulo. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan aka binne mijinta, a nan ta soya wainar da rabin mutanen layin suka girma da ita. Yanzu ƙafa ta yi mata nauyi, ga kuma saƙo ya zo cewa ƙanwarta Fatu, wadda ita kaɗai ta rage mata a 'yan ɗakinsu, ta daina gani. Inna Hansai ba mai kwana-kwana ba ce. Ta kira ɗanta ta ce masa ba ziyara za ta ba, zama za ta yi wajen Fatu, in sa'i ya yi a kwantar da ita kusa da uwarsu. Ƙasimu ya kawo maganar asibiti, ya kawo maganar jikoki, ya kawo maganar sanyin Yoko. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta tambaye shi wace rana za su tashi.

Lokaci kuwa ya ƙure. Da zarar ruwan Satumba ya sauka da gaske, hanyar da ke bayan Ntui ta zama kunu, ba mai sake bin ta sai rani. Aka tsayar da Lahadi.

Ranar Juma'a da hantsi yana gangarowa daga unguwar Madagascar, wani guntun ƙarfe da ke kwance cikin taɓo ya tsaga masa tayar baya a gefe. Tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba. Matsalar ita ce safayarsa ta riga ta mutu tun tafiyar baya, kuma duk shagon da ya leƙa a cikin gari neman sabuwa, amsa ɗaya ce: "Y a pas, babu, ana jiran jirgin ruwa daga Duwala." Ya lallaɓa motar zuwa ƙofar gida, ya ɗora ta kan kututture, ya cire tayar ya gangara da ita wajen mai faci.

Mai facin unguwar Gwadabe ne, Bazazzagin da ya zo 'yan shekarun baya da famfo ɗaya da baki mai yawa, ya kafa rumfa a gindin wani mangwaro. Bayan rumfar katangar Baba Maliki ce, tsohon badukun da ke yanka tsofaffin tayoyi yana yi wa 'yan dako da makiyaya takalma. Tsakanin mangwaron nan da katangar nan akwai wata al'ada da ta girmi Gwadabe a wurin, tare da inuwar ya gaje ta. Tayar da ake so a gyara, kwantar da ita ake yi a ƙasa gaban rumfa, kamar marar lafiya a gidan mai magani. Wadda mai ita ya yanke ƙauna da ita kuwa, jingine ta yake yi da katanga ya yi tafiyarsa. Ba tambaya, ba ciniki, ba godiya. Baba Maliki ya fito ya ɗauki abinsa.

Ƙasimu ya san wannan tun yana yawo ba wando. Amma ranar ya tarar Gwadabe ya riga ya tafi masallaci, ana kiran salla, yayyafi ya fara, gaban rumfa duk taɓo, kansa kuma cike da maganar uwarsa. Ya ga in ya kwantar da tayar ruwa zai cika ta. Sai ya ɗaga ta ya jingine da katanga, ya kakkaɓe hannu, ya ruga don kada sahu ya wuce shi.

Bayan an sauko ya tsaya gaishe-gaishe, ya biya gida ya ci tuwon rogo, sannan ya koma. Tun daga nesa ya hango Baba Maliki zaune kan buzu, ga kwanon ruwan da yake tsoma wuƙa a gefensa, ga tafin takalma an jera gwanin sha'awa, kowanne da zanen tayar da Ƙasimu ya sani kamar tafin hannunsa.

"Baba Maliki, me zan gani haka?"

"Alheri, ɗana. Allah ya saka maka. Rabon da in sa wuƙa a roba mai nama irin wannan har na manta. Da na gan ta na ce ikon Allah, Ƙasimu ya sami sabuwa ke nan."

Gwadabe, wanda isowarsa ke nan, ya ɗaga abin da ya rage na tayar, ya ga 'yar tsagar, ya ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Wannan ai gaitar roba ɗaya zan shimfiɗa mata a ciki ta tashi. Haba Baba! Taya da ranta ka yanka?"

"A jingine na same ta," in ji tsohon, murmushin ya bar fuskarsa. "Ni ban taɓa ɗaukar ta kwance ba. Ku tambayi kowa."

Ba sai an tambayi kowa ba. Duk da haka Ƙasimu ya yi faɗa, ya ɗaga murya a kan dattijon da ya halarci bikin sunansa, abin da bai taɓa yi ba. Teloli suka fito, masu wucewa suka tsaya, kowa na cewa a yi haƙuri. Abin da ba wanda ya sani shi ne, yawan faɗan don ya rufe wani abu ne. Tun lokacin da idonsa ya faɗa kan takalman nan wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Babu taya, babu tafiya. Ruwa zai rufe hanya, Inna za ta kai rani a ɗakinta, kafin rani kuma wa ya sani, wataƙila ta huce. Daɗi ya ji, daɗi sosai, kuma ba laifinsa ba ne, kowa shaida ne.

Ya shiga gida ya ɗaure fuska yadda ya dace da mai kawo mugun labari. Inna Hansai na zaune bakin gadonta, ɗakin ya yi fayau. Kaskon waina ta ba matarsa Jamilatu, kajinta ta raba wa maƙwabta, kwanonin da ke jere a bango tun aurenta duk sun sami sababbin gidaje. Abin da ya rage ƙunshi biyu ne da buta da tabarma. Ya durƙusa ya faɗa mata yadda aka yi, har da yayyafin, har da taɓon.

Ta dube shi. "To," ta ce. "Allah ya sa haka ya fi alheri." Sannan ta ƙara, ba da faɗa ba, "Amma ka gyara fuskarka, ɗan nan. Tun kana ƙarami ba ta iya ɓoye murna ba."

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta jawo ƙunshi ɗaya gabanta, ta fara kwance ƙullin da yatsunta. Ƙullin ya yi tauri, don da niyyar tafiya aka ɗaure shi. Tana fama da shi tana magana kamar da kanta take. "Sai rani ke nan. Ni da Fatu, ban san wadda za ta kai rani ba. Da ma so nake ta ji muryata, tunda gani ya wuce."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi tun daga ƙeya har ƙafa. Ya sa hannu ya riƙe ƙullin. "Bar shi a ɗaure, Inna. Lahadi za mu tashi."

"Da ƙafa uku?"

"Bar shi a ɗaure kawai."

Washegari da sassafe ya je ya durƙusa gaban Baba Maliki ya ba shi haƙuri. Tsohon ya ce shi ma bai yi barcin kirki ba, don sai daga baya ya ji tafiyar wa aka fasa. "Yaya Hansai ce ta yi wa uwar 'ya'yana wankan jego," ya ce. "Yau a ce wuƙata ce ta tsare ta? Ku nemo mini gawar taya ko wace iri, in dai girman ɗaya ne. Sauran ku bar mana ni da wannan mai surutun."

A Birik ta wancan lokacin taya ba ta ɓata, sai dai ta sake sana'a. Wadda ba ta zama takalmi ba ta zama bakin rijiya, ko turken rago, ko wurin zaman masu dara, mafi yawa kuma suna kan rufi suna danne kwano kada iska ta yi gaba da shi. Don haka Ƙasimu da Gwadabe suka shiga unguwa kai a sama kamar masu neman jinjirin wata. Suka bi layin teloli, suka bi layin mahauta, suka leƙa unguwar Nkomkana, mata na leƙowa ta taga suna tambayar ko lafiya. Ta Fijo suke gani, ta Reno suke gani, ta babbar mota da mutum biyu ba su iya ɗagawa. Sai wajen azahar, a bakin Ekoudou, Gwadabe ya ja birki ya nuna rufin shagon wani tela mai suna Haman. "Ga 'yar'uwarta can tana shan rana."

Haman ya ce shi ba ya rabuwa da ita ana cikin damina, kwanonsa zai tashi. Da ya ji sunan Inna Hansai sai ya shiga ya ɗauko tsani da kansa, ya ce dai su ɗora masa duwatsu a gurbinta. Aka sauko da ita, aka zubar da ruwan sauron da ke cikinta, wani ƙadangare ya fice yana jin haushi. Zanenta da saura, amma a gefe tana da yaga mai faɗin tafin hannu, ta inda ake hango wancan ɓangaren duniya.

Abin da aka yi a gindin mangwaron nan da yammacin Asabar, tsofaffin unguwar sun daɗe suna ba da labarinsa. Gwadabe ya wanke cikin tayar, ya kankare shi da dutse har ya yi kaushi. Daga ragowar tayar da aka yanka ya fitar da gaita, wato faffaɗan yankin roba da ake shimfiɗawa ta ciki a rufe rauni, ya feƙe bakinta har ya yi laushi don kada ta ciji tiyub. Baba Maliki ya zaro zare daga jikin tsohuwar taya, ya murza shi a cinya, ya shafe shi da kakin zuma, ya sa basilla a wuta. Shi ke huda daga waje, Gwadabe na karɓa daga ciki, suna ja suna gardama.

"Matsa ɗinkin, Baba. Mota ce za ta hau, ba ɗan dako ba."

"Ina ɗinki tun ba a san za a haifi ubanka ba. Ja zarenka ka rufe mini baki."

Da ɗinki ya kammala Gwadabe ya koma kan tiyub, wanda Ƙasimu ke kira shambur, kowa da bakin garinsu. Facin wuta ya yi masa: ya ɗora ɗanyen roba kan hujin, ya danne da tsohon fistan, ya zuba kananzir a cikin fistan ɗin ya kunna. Warin roba ya gauraya da ƙamshin tsiren da aka fara gasawa a bakin titi, wanda duk ɗan Birik da ya yi nisa da gida yake tunawa. Wuta ta mutu, aka bari ya huce, aka mayar da komai kan garmaho, ƙarfen da taya ke zama a kai. Da aka zo bugun iska Ƙasimu ya karɓi famfon ya ce shi zai yi. Yana bugawa yana kallon ɗinkin yana miƙewa, zare na shiga cikin roba. Kowa ya ja baya. Tayar ta cika ta yi tauri, da ɗan kumburi a gefe kamar mai ciwon haƙori, ba ta ce uffan ba.

Gwadabe ya buge ta da ƙarfe ya saurara. "Gaskiya zan faɗa maka, Ƙasimu. Obala na yi maka alkawari. Ntui, in Allah ya so. Yoko kuwa ba da bakina ba. Ka bi ta a hankali, ka kauce mata dutse mai baki. In ɗaya ya same ta a wurin nan, shi ke nan, sai ku nemi motar dawowa."

Ranar Lahadi bayan asuba layin ya cika. Mata suka riƙa kawo 'yan ƙulle-ƙulle, wannan dakuwa, waccan yaji, wata turare. Jamilatu na kuka, jikoki sun riƙe zanen kakarsu. Inna Hansai ta bi kowa ta nemi gafara, ta tsaya ta dubi ƙofar ɗakinta sau ɗaya, ta shiga gaban mota ta ɗora butarta a cinya.

Suka bar Yawunde hazo na kwance kan tuddai. Duk juyin da tayar ta yi sai gaitar ta buga, tuf, tuf, tuf, Ƙasimu na jin bugun a kujerarsa. Suka wuce Obala, alkawarin Gwadabe ya ƙare, tayar ba ta ƙare ba. Inna na ta ba shi labarin da bai taɓa ji ba: yadda aka kawo ta a ƙafa tare da ayarin fatake, inda suka kwana, inda ta fara ganin itacen koko ta ɗauka gwanda ce. Muryarta ta yi ƙuruciya. Shi kuwa kunnensa na baya, kuma shi kansa bai san abin da yake roƙo ba, ta riƙe ko ta fashe.

Gab da gangaren kogin Sanaga, inda jirgin fito ke tsallakar da motoci, ruwa ya zaizaye hanya ya tono wani dutse mai kaifi, tsaye daidai inda tayar baya za ta bi. Ya hango shi tun daga nesa. Ba sai ya yi komai ba, barin sitiyari yadda yake ya isa. Nan gefen kogi ne na gida, motocin Yawunde na wucewa, kafin magariba Inna tana ɗakinta, kuma Gwadabe da bakinsa ya ce bai yi alkawari ba. Dutsen na matsowa. Ya taka birki, ya sauke giya, ya karya sitiyarin ya hau da motar gefen ciyawa, ya zagaye dutsen a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Inna Hansai ta yanke labarinta. Hannuwansa take kallo. "Allah ya yi maka albarka," ta ce, sannan ta mayar da fuskarta ga taga.

Suka tsallake kogin, suka wuce Ntui, suka kwana a wani ƙauye, washegari da hantsi suka hau tudun Yoko. Inna ce ta riƙa nuna masa lungu, ita da ta bar garin tun kafin a yi masa hanyar mota. A ƙofar wani gida mai dangar kara wata 'yar tsohuwa na zaune tana shan hantsi. Inna Hansai ta sauka ba ta jira a riƙe ta ba, ta yi sallama. Tsohuwar ta ɗaga kai, ta karkata kunne.

"Sake faɗa," ta ce.

Inna ta sake.

"Yaya Hansai!"

Fatu ta miƙo hannuwa tana lalube, ta sami fuskar yayarta, ta bi goshi, ta bi kunci, tana dariya tana kuka tana cewa wa ya kwashe miki haƙora. Ƙasimu ya sauke ƙunshi biyun da tabarma ya kai ciki. Aka ba shi fura ya sha a tsaye. Gabas ta fara yin baƙi, kowa ya san abin da hakan ke nufi ga mai komawa. Ya durƙusa gaban uwarsa ya ce ta yafe masa. Ta dafa kansa ta ce ta yafe, duniya da lahira, ya riƙe Jamilatu da kyau, ya daina yi wa dattawa tsawa.

Ya fito ya zagaya bayan motar, ya tsuguna gaban tayar. Ya goge jar lakar da ta rufe ɗinkin da babban yatsa. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Bai taɓa jin haushin aiki mai kyau ba sai ranar. Ya ci gaba da tsuguno yana shafa ɗinkin kamar mai neman aibu, don hawaye sun zubo masa, ga maƙwabta sun taru suna kallon baƙuwar mota.

Daga ƙofar gida ya ji muryarta. Tana tsaye, hannun Fatu a cikin nata.

"Ta riƙe?"

Ya share fuska da hannun riga. "Ta riƙe, Inna."

"To tashi ka kama hanya, hadari na haɗuwa."

Ya tashi ya kama hanya. Maganar ƙarshe ke nan da ya ji daga bakinta.